Zauren Cartmel Wanda Ya Zama Makaranta

Ran nan ina duba wani littafi a ɗakin karatunmu, sai na ga hoton wani tsohon zauren dutse, hanya ta ratsa ta ƙarƙashinsa, mutane suna wucewa abinsu. An rubuta a ƙasa wai yara sun yi shekara 166 suna karatu a cikinsa. Da ya ke ni ma aikin malanta na ke koyo, na ce sai na bi asalinsa. To, ga abin da na samu.

Cartmel wani ƙauye ne a arewa maso yammacin Ingila, kusa da bakin teku. A wajen 1190 wani babban jarumi, William Marshal, ya kafa gidan 'yan zuhudu a wurin, watau mutanen da suka bar aure da dukiya don ibada. Shi ne wanda daga baya ya riƙe wa yaron sarki, Henry na 3, ƙasa a 1216. Ƙauyen kuwa a gindin gidan nan ya girma.

Zauren bai zo ba sai daga baya, tsoro ne kuma ya kawo shi. A 1322 mayaƙan Sikotland, da sarkinsu Robert Bruce, suka kawo hari, suka ƙone ƙasar da ke kewaye, suka kora shanu. Tsakanin 1330 da 1340 sai aka gina ƙofar nan mai kauri, da babban ɗaki a sama, kamar dai ƙofar birni mai bene.

A 1536 Sarki Henry na 8, da ya rabu da Paparoma, ya fara rufe irin gidajen nan yana ƙwace dukiyarsu. Mutanen arewacin Ingila suka yi bore, 'yan zuhudun Cartmel suka koma gidansu. Abin bai yi kyau ba. A 1537 aka rataye huɗu daga cikinsu, da mutum goma na wurin waɗanda suka goyi bayansu. Ni dai talakawan nan goma su suka fi ba ni tausayi, gama ba nasu aka zo ƙwacewa ba.

Aka rushe ɗakunan kwana da na cin abinci, duwatsun suka shiga ginin gidajen mutane. Majami'ar ta tsira, domin tun farko Marshal ya keɓe wa mutanen ƙauyen wurin yin sujada a cikinta, suka ce tasu ce, aka bar musu. Zauren kuma amfaninsa ya cece shi, gama a nan a ke zaman shari'a, a kan kuma tsare masu laifi.

A 1624 aka mai da ɗakin saman makaranta, aka yi ta karatu har 1790. Ku duba fa, 'yan'uwa: bangon dutse, sanyin ƙasar nan, ga kasuwa a bakin ƙofa tana ci. Yaya malami ya ke riƙe hankalin yara a nan? Ni da akuya ɗaya ta shiga filin makaranta ran da na ke gwajin koyarwa, da ƙyar na komo da ajina.

Tun 1946 zauren yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gine-gine. Baƙi kuwa yanzu galibi sukuwar dawaki ke kawo su Cartmel, da wani abin zaƙi mai dabino da ƙauyen ya yi suna a kansa. Da yawa su kan bi ta ƙarƙashin ajin nan ba su ko ɗaga kai ba.