Yadda Tarihin Gida Ke Zama Ƙagaggen Labari: Darasi Daga Laura Ingalls Wilder

A shekarar 1930, wata manomiya mai shekara 63 a garin Mansfield na jihar Missouri a Amurka ta ɗauki fensir da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, ta shiga rubuta abin da take iya tunawa na ƙuruciyarta. Sunanta Laura Ingalls Wilder. Iyayenta sun daɗe da rasuwa, yayarta Mary ta bi su a 1928, ga karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta sa gidan a gaba. Ta raɗa wa rubutun suna Pioneer Girl, ta zuba komai yadda ya faru, da daɗi da ɗaci. Masu mujallu da kamfanonin ɗab'i suka duba, suka mayar mata. Sai da ita da 'yarta Rose Wilder Lane suka sake masa zubi, suka mayar da shi ƙagaggen labari na yara, sannan kamfanin Harper ya buga Little House in the Big Woods a 1932. Zuwa 1943 littattafan sun kai takwas, kuma daga 1974 zuwa 1983 aka yi ta nuna wasan talabijin da aka gina a kansu.

Abin da ya sa wannan mata ta dace da nazari shi ne muna da abu biyu a hannu: ainihin tarihin da ta fara rubutawa, wanda aka buga da sharhin masana a 2014, da kuma labarin da ta sassaƙa daga cikinsa. Duk mai son sanin yadda ake mayar da hirar gida littafi zai iya jera su ya ga inda aka ƙara, inda aka rage, da inda aka ja baki aka yi shiru.

Zamanin da ta taso a ciki zamanin cin sabuwar ƙasa ne. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka da ta ce duk wanda ya cika sharaɗi zai iya neman eka 160, kusan kadada 65, daga filayen gwamnati a yammacin ƙasar. Zai biya ɗan kuɗin rajista, ya gina muhalli, ya noma filin, ya zauna shekara biyar, sai a ba shi takardar mallaka. Ta wannan hanya aka raba wajen eka miliyan 270. A takarda kyauta ce. A ƙasa kuwa fari, da fara, da gobarar daji, da bashi, sun kori mutane da dama kafin shekara biyar ɗin ta cika. Mahaifin Laura, Charles Ingalls, yana cikin waɗanda ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya. An haife ta a 1867 kusa da garin Pepin a Wisconsin, iyalin suka yi Kansas, suka dawo Wisconsin, suka nufi Minnesota, suka ratsa Iowa, sannan a 1879 suka ya da zango a De Smet da ke yankin Dakota.

Gyara na farko da ta yi ya shafi shekaru da jerin abubuwa. Lokacin da iyalin suka zauna a Kansas, tsakanin 1869 da 1871, Laura ba ta wuce shekara biyu zuwa huɗu ba. Yaro mai wannan shekaru ba abin da zai riƙe sai ɗan tsinte-tsinte. Mafi yawan abin da ta rubuta a Little House on the Prairie na 1935 daga bakin iyayenta da yayarta ta ji shi. A littafin sai ta ƙara wa kanta shekaru don ta zama yarinyar da za ta iya gani da idonta ta kuma yi tambaya, ta juya tafiyar ta zo bayan zaman Wisconsin. Da haka hanyar iyalin ta miƙe sosai daga gabas zuwa yamma, aka kawar da kai-komon da ya faru a zahiri.

Gyara na biyu haɗe mutane ne. Nellie Oleson, 'yar mai kanti, mai girman kai da tsokana, wadda masu karatu suka tsana shekara da shekaru, ba mutum ɗaya ba ce. Laura ta tattaro halayen 'yan mata uku da ta yi zama da su a wurare daban-daban ta ɗora wa mutum guda. Haka ma Jack, karen gidan. A tarihin da ta fara rubutawa, an bayar da shi tare da dawakai tun tana ƙarama. A littafin sai ta bar shi ya tsufa a gidan, ya mutu daidai lokacin da ƙuruciyarta ke ƙarewa. Mai karatu ba ya iya riƙe maƙiya uku masu hali iri ɗaya, amma zai riƙe ɗaya har ya tsufa. Irin wannan gyara hurumin marubuci ne, kuma bai cuci kowa ba.

Ƙarfin littattafan yana cikin aikin hannu. Laura ta bayyana dalla-dalla yadda ake jera gumagumai a tada ɗaki, yadda ake haƙa rijiya a saukar da kyandir don gwada iskar ƙasa, yadda ake ƙyafe nama, yadda mahaifinta ke ɗaukar gogensa da dare ya kore wa iyali kewa. A The Long Winter na 1940 ta ba da labarin hunturun 1880 zuwa 1881, lokacin da dusar ƙanƙara ta tare hanyar jirgin ƙasa wata da watanni, garin De Smet ya shiga yunwa. Iyalin suka riƙa niƙa alkama a ɗan injin niƙa kofi na hannu, suna murɗa busasshiyar ciyawa tana zama makamashi har hannuwansu suka tsattsage. Babu takardar gwamnati da za ta ba marubuci wannan. Sai wanda ya yi, ko wanda ya zauna ya saurari wanda ya yi.

Inda magana take shi ne abin da aka bari a waje. Laura tana da ƙane, Freddie, wanda ya rasu a 1876 yana ɗan wata tara. Ko sunansa babu a jerin littattafan. Zaman da suka yi a Burr Oak na Iowa, inda iyalin suka yi aikin otal a cikin mashaya da masu dukan mata, suka kuma sulale da dare saboda rigimar kuɗin haya, an tsallake shi gaba ɗaya. A wancan mugun hunturu akwai wasu ma'aurata da jaririnsu da suka zauna a gidan suna ci tare da su, amma littafin ya nuna iyalin su kaɗai suke fama. Wasu daga cikin waɗannan ana iya cewa tausayin yara masu karatu ne, ko rufin asirin iyaye. Wasu kuwa sun wuce nan.

Bayan fara ta cinye amfanin gonarsu a Minnesota, Charles Ingalls ya karɓi tallafin gari daga hukuma. Karatun Mary, wadda ta makance, a makarantar makafi ta Vinton a Iowa, gwamnatin yankin Dakota ce ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar. Filin da suka mallaka a De Smet ma daga gwamnati ya fito. Amma wanda ya karanta littattafan zai tashi da hoton iyalin da guminsu kaɗai ya tsame su. Wannan bai faru haka kawai ba. Rose, wadda ta riga mahaifiyarta yin suna a rubutu, ita ce ke buga rubutun a tafireta tana gyarawa, kuma ita da mahaifiyar duk suna adawa da shirye-shiryen tallafi na Shugaba Franklin Roosevelt. Ana rubuta labarin shekarun 1870, amma rigimar siyasar shekarun 1930 tana zaune a kan teburin. Caroline Fraser ta bi diddigin wannan a littafinta Prairie Fires na 2017, wanda ya ci kyautar Pulitzer.

Shiru mafi nauyi shi ne na masu ƙasa. Filin da Charles ya gina ɗakinsa a Kansas na ƙabilar Osage ne, kuma doka ba ta ba shi izinin zama a wurin ba. A 1870 aka matsa wa Osage suka bar ƙasarsu suka koma inda yanzu ake kira Oklahoma. Littafin ya nuna su suna wucewa a jere a kan dawakai, amma ba a ba su bakin faɗin abin da suka rasa ba, kuma an sa wa wasu maƙwabta kalaman ƙiyayya a kansu. Littafin ya ɗora tashin iyalin a kan labarin cewa sojoji za su zo su kori baƙi, alhali masu bincike sun nuna cewa wanda ya sayi gonarsu ta Wisconsin ya gaza biya, hakan na cikin abin da ya mayar da su. Tun Laura na da rai wata mai karatu ta koka da wata jimla da ke nuna kamar 'yan asalin ƙasar ba mutane ba ne, aka gyara ta a bugun 1953. A 2018 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ta cire sunanta daga wata kyautar adabin yara da aka kafa da sunan nata a 1954.

Amsa mafi inganci ta zo ne da wani littafin. Louise Erdrich, wadda ke da jinin ƙabilar Ojibwe, ta taso tana karanta waɗannan littattafai, ta kuma ga inda aka bar mutanenta a gefe. Ta binciki tarihin dangin mahaifiyarta, a 1999 ta fitar da The Birchbark House, labarin wata yarinya 'yar Ojibwe a wani tsibiri na tafkin Superior a shekarun 1840. Ita ma ta bi damina da rani, girki da sana'a, cuta da yunwa, sai dai daga ɓangaren waɗanda baƙi suka tarar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mu ma gidajenmu cike suke da irin wannan dukiya. Akwai zuriyar waɗanda suka sari daji suka kafa tunga, da fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka zauna a zangunan Gana, da waɗanda suka nufi Makka a ƙasa, ko suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, jikokinsu na Sudan har yau. Mai son mayar da wannan littafi zai amfana da bin wasu ƙa'idoji.

Ya fara da tattara gaskiya tsagwaronta kafin ya ƙaga komai. Ya zauna da tsofaffi, mata da maza, ya ɗauki muryarsu, ya tambayi abu ɗaya a bakin mutum biyu ko uku, domin abin da kaka ta sani ba shi kawu ya sani ba. Ya nemi tsofaffin wasiƙu na ajami da na boko, takardun gona da na kotu, ya gwada su da abin da aka faɗa masa. Tuni yakan yi kuskure ba tare da niyya ba: littattafan Laura sun ɗora makantar Mary a kan wani zazzaɓi mai fesar da ƙuraje, amma likitocin da suka bi bayanan a 2013 sun fi karkata ga cewa ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ne. Wannan rubutu na farko na gaskiyar da aka tattara a adana shi, ko da ba za a buga ba.

Sannan ya tambayi kansa dalilin kowane sauyi. Idan ya haɗe mutum uku ko ya matsar da shekara don labari ya tafi daidai, ba laifi, muddin ya gaya wa mai karatu cewa ƙagaggen labari ne. Idan ya sauya suna don kada ya tona asirin wanda zuriyarsa ke raye, ya kyauta. Amma idan ya ga yana cire wanda ya taimaki kakansa, ko wanda kakan ya tarar a wurin, ko bayin da suka noma gandun, don kawai gidansu ya fito fes, to ya bar adabi ya koma kirari. Mai karatu yakan yi hattara da abin da aka ƙaga, amma ba shi da hanyar sanin abin da aka cire. Shi ya sa amanar marubucin tarihin gida ta fi nauyi a kan waɗanda ya ga dama ya bari a waje.