Ciwon Gwiwa: Wane Hoto Ne Ke Nuna Guringuntsi?

Wasiƙu sun yi yawa a kan ciwon gwiwa, musamman daga makiyaya da fatake masu wuni a kan ƙafa. Tambayar ɗaya ce: likita ya ce a yi hoto, wanne za a yi?

Kai da ke fiɗar dabba ka san guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi. A gwiwar mutum kaurinsa yawanci milimita 2 zuwa 4 ne, kuma jini ba ya ratsa shi, shi ya sa in ya cinye ba ya komawa yadda yake. Wannan cinyewar ce tushen amosanin gaɓɓai irin na shekaru da wahala.

Hoton farko shi ne hoton ƙashi, wanda a asibitocin Nijar da Cadi ake ce wa “radiyo” (ba irin tamu mai magana ba fa). Guringuntsi ba ya fitowa a cikinsa sam. Abin da likita ke dubawa shi ne ratar da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. In ratar ta tsuke, guringuntsi ya ragu ke nan. Yana kuma duba ƙananan tsiron ƙashi a gefen gaɓar. Tun 1957 wasu likitoci biyu a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka kasa abin daga mataki 0 zuwa 4, har yau da shi ake aiki. To, ga inda kuɗi ke salwanta: wannan hoto a tsaye ake ɗaukarsa, nauyinka na kan ƙafar. In a kwance aka ɗauka, ratar na iya buɗewa ta nuna lafiya lau alhali ba haka ba ne. Ka tambaya kafin ka biya.

Sikanin, wato “eko”, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana nuna ruwan da ya taru a gwiwa da ƙullutun bayanta. Amma ƙashi na tare shi, kaɗan yake gani na guringuntsin.

MRI, ko IRM a ƙasashen Faransanci, shi ne ke nuna guringuntsin kansa, da jijiyoyi, har da kumburin cikin ƙashi. Da maganaɗisu mai ƙarfi yake aiki. Za ka kwanta cikin na'ura kamar rabin awa, ba motsi, ga ƙara. Zobe, wuƙa, kuɗin ƙarfe, waya, layar da ke da ƙarfe, duk a waje za a bar su. In akwai harsashi ko wani ƙarfe a jikinka, ko na'urar bugun zuciya, faɗa tun kafin ka shiga. Yana da tsada, kuma sai manyan birane irin su Kano da Yamai. A ganinmu, kada ka sayar da bijimi don shi sai likita ya ce yana zargin wani abu ya yage a ciki, misali gwiwa na sarƙewa ko tana zillewa bayan faɗuwa.

Sau da yawa ma ba a bukatar hoto. Wanda ya kai shekara 45, gwiwa na ciwo in ya yi tafiya, ƙagewar safe kuma ba ta wuce minti 30, likita na iya gane cutar da tambaya da taɓawa. Hoto da zafin ciwo ba kullum suke tafiya tare ba: wani hotonsa ya lalace amma yana bin shanu, wani hotonsa da sauƙi amma ruku'u na gagararsa.

Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan kuwa wata magana ce. A tafi asibiti a ranar, kada a tsaga, kada a jira ranar kasuwa.

Hoton da aka ba ka, kar ka naɗe shi, kar ka bar shi a rana. Ajiye shi tare da takardar bayaninsa. Likitan Maraɗi zai karanta hoton da aka ɗauka a Katsina, kuma da tsohon ne zai gwada sabon ya ga ko ratar ta ƙara tsukewa.