Idan Masu Dubiya Suka Watse

Hanyar da ta taso daga Daura ta bi ta Kwangwalam ita ce ke shigowa Nijar ta Ɗan Barto, ta wuce Matameye ta nufi Damagaram. Ba ta rabuwa da babura: 'yan kabu-kabu, masu jarkokin fetur, masu ɗaure buhu uku a baya su ɗora mutum a kai. Da wuya ka ga mai hular kwano, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kirki na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100.

Idan kai ya bugu, ƙwaƙwalwa kan girgiza ta daki ƙoƙon kai daga ciki. Wani ma sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce babu komai, ashe jini na taruwa a ciki. Amai, barcin da ba a iya tayar da shi, ruwa ko jini daga kunne, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma: duk wanda aka ga wannan a jikinsa, hoton ƙwaƙwalwa yake bukata nan take, a babban asibitin Damagaram ko Asibitin Malam Aminu Kano. Rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna wa mutanen bakin iyaka yadda Kano ke yin nisa rana tsaka.

Amma wanda ya tsira fa? A makon farko gida cike yake, ana kawo kunu da fura, ana sannu da jiki. Da ɗinki ya warke sai ƙafa ta ɗauke, domin ido ya ga lafiya. Shi kuwa mai jinya yana riƙe da moɗa, ya san abin da ake yi da ita, sunanta ya ɓace masa. Ya tambayi matarsa abu ɗaya sau biyar kafin azahar. Mutumin da aka sani da sanyin hali ya koma mai faɗa, saboda gaban ƙwaƙwalwa, inda ake danne fushi, shi ya ji rauni. Daga nan sai raɗe-raɗi: ya taɓu, iska ce, jifa aka yi masa. Yana jin su sarai. Tsoronsa biyu ne, kada ya faɗi a gaban jama'a, kuma kada ya zama ba zai ƙara komawa mutumin da yake a da ba.

Ga Kirista a wannan yanki kaɗaicin kan ninka. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, kuma masu bi a jihar Damagaram ba su manta da ƙone majami'u da aka yi a birnin Damagaram ranar 16 ga Janairun 2015 ba. Ikkilisiya ƙarama ce, sau da yawa ita ce dangin. To ga shi sujadar da ya saba samun ƙarfi a cikinta ta zame masa azaba: ganga da lasifika na sara masa kai, layukan Littafi Mai Tsarki na rawa a idonsa, addu'a ta tsinke masa a tsakiya. Mafi muni shi ne ɗan'uwan da zai zo ya ce da bangaskiyarsa ta kai, da ya warke. Wannan magana zalunci ce, ba ta da gurbi a bishara.

Littafin da ya kasa karantawa bai guje wa irinsa ba. Zabura ta 88 kuka ce tun daga farko har ƙarshe, ta mutumin da abokai suka ƙaurace masa, kuma an bar ta cikin waƙoƙin sujada ba tare da an gyara mata ƙarshe ba. Annabi Iliya da tsoro ya kora shi jeji har ya roƙi mutuwa, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, magana sai daga baya. Yesu kansa da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusoshi ya bayyana ga Toma. Begen Kirista bai yi alkawarin kowa zai koma yadda yake ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne Allah bai mance da mutum ba ko da mutumin ya mance sunan ɗansa, kuma darajarsa ba ta rataya ga kaifin tunaninsa ba.

Sai dai mai rauni a ka da ƙyar yake riƙe wa'azi. Abin da yake riƙewa shi ne fuskar da ke dawowa. Masu bi a Nijar suna da gadon wannan: asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, da asibitin Danja kusa da Maraɗi inda aka rungumi kutare lokacin da ake gudunsu. Ikkilisiyar ƙauye ba ta da likitan ƙwaƙwalwa, amma zumuntar mata na iya raba ranaku, a riƙa zuwa mutum ɗaya ko biyu, a zauna a inuwa ba hayaniya, a karanta masa aya ɗaya, a karɓi matarsa ta samu ta je kasuwa. Fasto ya kai masa jibin Ubangiji har gida. Maƙwabcinsa Musulmi, wanda wataƙila shi ya ɗauke shi daga bakin titi, a bar masa ƙofa a buɗe.

Akwai kuma farfaɗiya, wadda kan iya ɓullowa watanni bayan haɗari, ta sa a ware masa kwano. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Idan ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki. Maganinta kullum ake sha, yanke shi kwatsam na da haɗari, don haka ya kamata dattawan ikkilisiya su ware kuɗinsa daga baiko tun kafin na hannun iyalin ya ƙare.