Tsuntsayen Ƙofar Gida a Idon Kyamara

Duk wanda ke bin hanyar Jega zuwa Aliero ya saba ganin balbela, amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya ƙare mata kallo. Sai ranar da mutum ya ɗaga waya zai ɗauki hotonta yake lura cewa ba kullum take fara fat ba. Da damina, lokacin ƙwai, kanta da ƙirjinta da gadon bayanta kan yi ja-ja kamar an shafa musu lalle. Bin shanun da take yi kuwa ba don ƙauna ba ne, fara da ƙwarin da kofato ke tayarwa take dako. Kuma 'yar ƙundumbala ce: tun a 1877 aka gan ta a Kudancin Amurka, da fukafukanta ta ƙetare tekun Atlantika, yau ga ta tana bin shanu har a Florida.

Daɗin wannan sana'a ta ɗaukar hoton tsuntsaye, in sana'a ce, ba ta buƙatar shiga daji. Kaskon ruwa a gindin darbejiya da ɗan tsabar gero sun isa su kawo kurciya da hasbiya. Abin da ake bukata haƙuri ne. A zauna ƙasa, rana a baya, a bar tsuntsu ya manta da mutum. Hantsi da bayan la'asar sun fi, domin ranar tsaka tana ƙone farin gashi a hoto, ƙurar hunturu kuma tana dushe launi. Jawo hoto da yatsu a waya ɓata shi yake yi. Gara a bari tsuntsun ya matso. In ido ya fito tar, hoto ya yi. A nan ne za ka ga ɗige-ɗigen baƙi a wuyan kurciya da jar fatar da ta kewaye idon hasbiya, abubuwan da mai harbi da danƙo bai taɓa damuwa da su ba.

Shamuwa ta fi kowa sauƙin kai, tunda ba a taɓa ta, a kan itacen tsakar gari take sheƙa. Zuwanta albishir ne na damina, in ruwa ya ɗauke kuma ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Jan-baki dai kada a yaba kyansa a gaban manomin shinkafa na Maiyama, wanda ke wuni yana kora da gwangwani.

Sai ungulu. Dattawa sun san lokacin da take cika mahauta ba mai ɗaga kai ya dube ta. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin masu dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta don magani. Hotunanta na wancan zamani da sun yi amfani yanzu. Masana a cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos suna tattara bayanan inda kowane tsuntsun Najeriya yake, kuma abin da ke sa hoto ya yi amfani ga irin wannan aiki shi ne wurin da aka ɗauka da kwanan wata, waɗanda waya kan iya rubutawa da kanta.