Kasuwannin ƙauye na ƙasar Sin: inda ake auna bargo a sikeli

Ɗan kasuwar da ya saba zuwa Guangzhou ko Yiwu sarin kaya yakan dawo da labarin manyan gine-gine. Amma a arewacin ƙasar Sin akwai wata kasuwa dabam, wadda ke ci a fili, ƙarƙashin rumfuna da bayan motoci. Sinawa na kiranta "daji", wato babbar kasuwa.

Kamar yadda garuruwanmu ke da ranar kasuwa, su ma haka, sai dai da yawansu duk kwana 5 suke ci, bisa lissafin watan gargajiya. Kasuwar Licun da ke birnin Qingdao a lardin Shandong, wadda ta haura shekara 100, tana ci ne a ranakun da suka ƙare da 2 da 7 na wata. Ɗan tireda kan bi su ɗaya bayan ɗaya, yau nan, gobe can.

Tun asuba masu abinci ke hura wuta. Akwai "youtiao", dogon soyayyen ƙullin alkama da ake karyawa da shi tare da madarar waken soya, ga awara da ɗuminta, ga romon tunkiya, ga kabeji tuli-tuli. A arewa maso gabas, inda sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, a fili ake baje kifi, ya daskare kamar itace ba tare da firji ba. Awo da "jin" ake yi, wato rabin kilo, biya kuma galibi da waya ne ta WeChat ko Alipay. Musulmi baƙo kan nemi rumfar da ke da alamar "qingzhen", ma'ana halal.

Can gefe kuma ga masu bargon auduga. Mai saye ne ke faɗin jin nawa yake so: mara nauyi don bazara, mai jin 8 ko 10 don tsakiyar hunturu. A gabansa ake auna audugar, sau da yawa ta Xinjiang, yankin da ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na audugar ƙasar.

Aikin na gargajiya ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin bakan shiɓa a hannun kakarsa. Nasu bakan dai ya fi tsayin mutum, ana dukan tsirkiyarsa da gudumar katako har audugar ta tashi kamar hazo. Daga nan a shimfiɗa ta, a gicciya mata zare sama da ƙasa, a danne da faifan katako, sannan mata su ɗinke ta cikin yadi. A ƙauyukan Shandong har yau irin wannan bargo na cikin kayan ɗakin amarya, kuma bibbiyu ake yin sa.

Me ya sa mutum zai tsaya cikin sanyi alhali ana sayar da bargo a intanet? Dalili ɗaya shi ne algus. An sha kama masu cusa tsummokara da sharar masaƙu a cikin bargo, abin da Sinawa ke kira "auduga mai baƙar zuciya", wanda doka ta haramta. A kasuwar fili mutum na taɓawa da hannunsa kafin a ɗinke. Idan bargon ya tsufa ya danƙare, a kan mayar da shi a sake shiɓe shi.

Sai dai injin ya karɓe mafi yawan aikin shiɓa, masu riƙe da baka kuwa galibi tsofaffi ne. Matasan birane sun fara tururuwa zuwa waɗannan kasuwanni, musamman gab da sabuwar shekarar gargajiya, suna ɗora bidiyo a Douyin. Ciniki ya ƙaru, amma masu ɗaukar hoto sun fi masu zaman koyon sana'ar yawa.