Jari da Babakere a Cinikin Gyaɗa

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa dalar gyaɗa ta yi tsawo a Kano a zamanin da, amma manomin da ya noma ta bai yi arziki ba? A ganina dalili biyu ne, wato jari da babakere.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Manomi ba shi da kome sai gona da fartanya. Mai jari kuwa yana da sikeli, da sito, da kuɗin ba da bashi tun da damina. In kaka ta yi, tilas manomi ya sayar nan da nan don ya biya haraji da bashi.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa. Ita kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya. Lasin sayen ma sai mai jari yake samu. Sai a 1986 aka rushe irin waɗannan hukumomi.

To, jama'a, in mai saye ɗaya ne, mai sayarwa ba shi da bakin ciniki. Ribar mai jari takan haifi wata riba, manomi kuwa kowace shekara sai ya sake daga farko.