Motar da ke mutuwa in ta tsaya: ina ciwon yake?

Ran kasuwa ne. Motar gari ta ɗauko buhunan gero da awaki da mutane. Bisa hanya tana gudu lafiya lau. Amma da direba ya tsaya ɗaukar fasinja, sai inji ya yi karkarwa ya mutu. Karen mota ya sauka, maza su sauka, a yi ta turi. In an sake tsayawa, haka kuma.

Wannan ciwo ba na raini ba ne. Yawan tada mota yana cinye batir. Kuma a yawancin motoci, in inji ya mutu birki yakan yi tauri, wani lokaci har da sitiyari. A gangare, ko wurin da yara ke ƙetare hanya, abin yana iya zama hatsari.

In mota na tsaye, inji ba ya barin juyawa. Yana juyawa sannu-sannu, wajen sau 700 zuwa 900 cikin minti guda. Makanikai na kiran wannan ralanti. A lokacin ralanti mai kaɗan inji ke sha, da iska kaɗan. To, in ɗan wannan kaɗan ɗin ya ragu, sai ya mutu. In an taka totur kuwa, mai yana zuwa da yawa ta wata hanya dabam. Shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai an tsaya.

Abu uku inji ke bukata: mai, da iska, da wuta. A fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi.

Kafin a buɗe gaban mota, a ja birkin hannu, a fidda giya, a sa dutse ƙarƙashin taya. Kada a sha taba kusa. A tattare babbar riga da rawani, don fanka tana iya fizge su.

Iska tana shiga ta matacin iska, wanda ake ce ma filtar. A hanyoyin rairayi, balle lokacin hunturu, ƙura tana toshe shi da wuri. Inji ya shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi, mota ta yi ta shan mai. A cire shi a kakkaɓe. In na takarda ne kada a wanke shi da ruwa. In ya tsufa a sake sabo. Wasu direbobi kan jefar da shi gaba ɗaya, wai don mota ta sha iska. Rairayi suke ɗura wa injinsu.

Akwai kuma iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Zafin rana yana busar da tiyon roba, ya tsage. A tada inji, a kasa kunne. In ana jin shiii kamar hucin maciji, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa. In inji yana mutuwa daidai lokacin da aka taka birki, a duba babban tiyon da ya tafi wajen tukunyar birki.

Amma sau da yawa laifin na mai ne. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504, karbirato ne ke gauraya mai da iska. Cikinsa akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai huda, sunansa jikiler na ralanti. Hudar nan ba ta wuce rabin milimita ba, kamar kafar allura. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe ta. Daga ina dattin ke zuwa? Daga tsatsar tanki, da jarkar da ba a wanke ba, da man kwalba na bakin hanya in an zuba shi ba a tace ba. Mai shakkar man da ya saya ya zuba kaɗan cikin farar kwalba ya ajiye. In da ruwa ciki, zai kwanta ƙasa, don ruwa ya fi fetur nauyi.

Gyaran ba wuya. A kwance jikiler, a wanke shi da mai mai tsabta, a hura shi da famfon taya, a ɗaga shi sama a ga haske ta cikin hudar. Kada a zura masa allura ko waya. Hudar za ta faɗaɗa, mota ta koma shan mai har abada. Sannan a sake matacin mai. In ba haka ba, kwana kaɗan datti ya dawo. Wannan aiki guda ne da na babur da na injin ban ruwan lambu.

Sai wuta. A bari inji ya huce, a kwance buji, wanda a Najeriya ake ce ma fulogi. Bakinsa yana ba da labari. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. In ya yi baƙin kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta kasa. In ya yi fari fat, mai ne ya kasa. In ya jiƙe da man inji, to aiki ya wuce na direba, sai garaji.

A jikin karbirato akwai bis da ke ƙara ralanti. Shi ne direbobi ke rugawa su murɗa tun farko, inji ya yi ta ruri. Mota ta bar mutuwa, gaskiya ne, amma ciwon na nan, mai na ƙonewa banza, giya kuma tana ƙara in za a sa ta. Bis shi ne na ƙarshe. Sai inji ya yi zafi ake taɓa shi, kaɗan-kaɗan, ana ƙidaya juyin da aka yi don a iya mai da shi inda yake.

Tun shekarar 1993, kusan duk motocin fetur da aka saida sababbi a Turai ba su da karbirato. Kwamfuta ce ke auna masu mai, ba su da bis ɗin murɗawa. A cikinsu, galibi datti ne ke taruwa a maƙogwaron da iska ke bi. A wanke shi, a duba tiyo da filtar da buji. In fitilar inji ta kama gaban direba ba ta mutu ba, a kai motar garajin da ke da na'urar bincike, kuma a nemi makanike ya nuna abin da ya lalace kafin a biya kuɗin sabon kaya.